J.C.R. LICKLIDER (1915–1990): MALAMIN DA YA HANGO ZAMAN CUƊAYYA TSAKANIN MUTUM DA KWAMFUTA

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma akwai mutanen da Allah kan ba basirar hango abu tun kafin ya bayyana ga idon jama'a, har su kwatanta shi filla-filla alhali ba a ko aza tubalinsa ba. Joseph Carl Robnett Licklider, wanda abokan aikinsa suka fi sani da laƙabin Lick, yana cikin irin waɗannan mutane. Bai ƙera wata na'ura da ake kira da sunansa ba, bai kuma tara dukiya da ilminsa ba. Duk da haka, ɗalibin da ya zauna a Dundaye ya buɗe wayarsa ya nemo wata maƙala daga laburaren da ke wata nahiya, ko ya aika wa 'yan ajinsa darasi a zauren WhatsApp, yana cin gajiyar tunanin da wannan bawan Allah ya rubuta tun shekarar 1960. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa, da ayyukansa, da kuma tambayar da ya bari wadda har yanzu ba a gama amsa ta ba, watau wa zai amfana da wannan hanya ta sadarwa, wa kuma za a bari a baya.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Licklider ranar 11 ga watan Maris na shekarar 1915 a birnin St. Louis da ke jihar Misuri ta ƙasar Amurka, shi kaɗai ne kuma ɗa wurin iyayensa. Tun yana yaro aka ga alamar son ƙere-ƙere tattare da shi, domin yakan harhaɗa ƙananan jiragen sama na wasa, da ya girma kuwa sai ya koma ga gyaran tsofaffin motoci, sha'awar da ba ta rabu da shi ba har tsufansa.

Ya shiga Jami'ar Washinton da ke garinsu, inda ya sami digirinsa na farko a 1937. Abin lura a nan shi ne fannoni uku ya haɗa a lokaci guda: lissafi, da kimiyyar fiziks, da ilmin halayyar ɗan Adam. A 1938 ya sami digiri na biyu a ilmin halayyar ɗan Adam, sa'an nan ya wuce Jami'ar Rochester inda ya kammala digirin digirgir a 1942, a kan nazarin yadda kunne da ƙwaƙwalwa suke karɓar sauti. Wannan haɗin gambiza da ya yi a karatu shi ya zame masa jari daga baya. Galibin waɗanda suka yi aikin kwamfuta a farkon zamaninta injiniyoyi ne da masana lissafi, hankalinsu yana kan na'ura. Shi kuwa ta ƙofar mutum ya shigo, saboda haka duk inda ya dubi na'ura tambayarsa ita ce yaya mai amfani da ita zai gani, ya ji, ya fahimta.

3.0 Shekarun Nazarin Sauti

Daga 1943 zuwa 1950 Licklider ya yi aiki a ɗakin binciken sauti da ji na Jami'ar Harvard, ƙarƙashin jagorancin S.S. Stevens. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, kuma matsalar da aka ɗora wa wannan ɗakin bincike ta rai da mutuwa ce: matuƙan jiragen yaƙi ba sa jin abin da ake faɗa musu ta rediyo saboda rugugin inji. Umarni ɗaya da aka ji shi a karkace yana iya halaka mutane da dama.

Binciken da ya yi a nan zai ba ɗaliban ilmin furuci sha'awa. Sanannen abu ne cewa wasula sun fi baƙaƙe ƙarfin amo, alhali kuwa baƙaƙe suna ɗauke da kaso mai yawa na abin da ke bambanta kalma da 'yar'uwarta. Licklider ya nuna cewa ana iya datse ƙololuwar igiyar sautin magana ƙwarai da gaske, muryar ta ɓaci ta zama marar daɗin ji, amma duk da haka mai sauraro ya gane kalmomin. Amfanin wannan shi ne, in an datse sassa masu ƙarfi, sai a sami damar ɗaga sassa masu rauni su fito fili cikin hayaniya. A 1951 kuma ya buga wata maƙala a kan yadda ɗan Adam yake tantance tashi da faɗuwar murya, wadda masana suke ambato har yau. Ga mai nazarin harshe irin Hausa, inda karin sauti kaɗai ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala, wannan ba ƙaramin fage ba ne. Darajarsa a wannan fanni ta kai har aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masana sauti ta Amurka a 1958.

4.0 Haɗuwarsa da Kwamfuta

A 1950 ya koma Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT. A can ya shiga aikin wani babban shiri na tsaron sararin samaniyar Amurka mai suna SAGE, wanda aka tsara don tattara bayanan na'urorin hangen jirage daga wurare daban-daban a kai su ga kwamfuta, ita kuma ta nuna wa jami'in soja a kan allo nan take. Aikin Licklider shi ne duba ɓangaren mutum, watau yadda za a shirya bayanai a kan allon har jami'in ya fahimta ya yanke shawara cikin gaggawa.

Domin a gane muhimmancin wannan, wajibi ne a san yadda ake amfani da kwamfuta a wancan zamani. Na'ura ce mai cika ɗaki, mai tsadar gaske, wadda ba kowa ke kusantarta ba. Mai bukata yakan rubuta aikinsa a kan katunan da aka huhhuda, ya miƙa wa ma'aikacin da ke kula da ita, ya tafi ya dawo bayan sa'o'i ko washegari ya karɓi sakamako a takarda. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya gyara ya sake bin layi. A ɗakin bincike na Lincoln, wani injiniya mai suna Wesley Clark ya nuna wa Licklider wata kwamfuta da mutum zai zauna gabanta ya ba ta umarni ta amsa masa a take a kan allo. Daga nan akalar rayuwarsa ta juya.

A 1957 ya bar koyarwa ya shiga kamfanin Bolt Beranek and Newman, wanda ake taƙaita sunansa da BBN, a matsayin mataimakin shugaba. Kamfanin masana sauti ne, amma ya shawo kansu suka sayi kwamfuta, daga baya kuma suka karɓi ta farko cikin samfurin PDP-1 da aka fitar kasuwa. A nan shi da abokan aikinsa suka gwada tsarin karɓa-karɓa, inda kwamfuta guda take yi wa mutane da yawa hidima, tana zagayawa tsakaninsu da saurin da kowannensu zai ɗauka shi kaɗai take saurare.

5.0 Maƙalar 1960

A cikin shekarar 1957 Licklider ya yi wani gwaji a kan kansa. Ya riƙa rubuta abin da yake yi a sa'o'in da ya ɗauka na tunani ne. Da ya tattara lissafin sai ya tarar kusan kashi 85 cikin 100 na lokacin ya tafi wajen share fagen tunani: neman takardu, da zana jadawali, da sauya alƙaluma daga wannan ma'auni zuwa wancan. Ya ba da misalin wani lokaci da ya so kwatanta sakamakon gwaje-gwaje shida, ya share sa'o'i yana daidaita alƙalumansu, da suka daidaita kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ga amsar da yake nema.

Daga wannan ya gina maƙalarsa da ta fi shahara, wadda ta fito a watan Maris na 1960, a kan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin mutum da kwamfuta. Ya buɗe ta da misalin da Bahaushe ba zai sha wuyar ganewa ba, watau itacen ɓaure da ɗan ƙwaron da ake samu cikin 'ya'yansa. Ƙwaron nan shi ke ɗauko garin fure daga wani ɓaure ya kai wa wani, in babu shi itacen ba zai yaɗu ba; shi kuma a cikin ɓauren yake samun abinci da wurin girma. Halittu biyu ne mabambanta, amma kowanne ya dogara ga ɗan'uwansa. Haka Licklider ya so mutum da kwamfuta su kasance. Mutum shi zai kafa manufa, ya ƙirƙiro hasashe, ya auna sakamako, ya yanke hukunci. Kwamfuta kuwa ta ɗauke masa aikin wahala mai maimaituwa, wanda take da saurinsa ba ta kuma gajiya da shi.

A lokacin akwai masana da suka fi karkata ga ƙera na'urar da za ta yi tunani ita kaɗai ta maye gurbin mutum. Licklider bai musanta yiwuwar haka a gaba ba, amma ya ga cewa kafin a kai can akwai zamani mai tsawo wanda babban ci gaba zai fito daga haɗin gwiwar su biyun. A cikin wannan maƙala har ila yau ya lissafa abubuwan da ake bukata: allon da mutum zai yi rubutu da zane a kansa, da na'urar da za ta gane maganar baki, da cibiyoyin ilmi masu aikin laburare waɗanda za a haɗa su da juna ta layukan sadarwa.

6.0 Aikinsa a Hukumar ARPA

Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik a 1957, gwamnatin Amurka ta kafa hukumar bincike mai suna ARPA a 1958, ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. A watan Oktoba na 1962 aka ɗauki Licklider ya shugabanci sashen da ke kula da binciken kwamfuta. Abin da sojoji suke bukata shi ne ingantacciyar hanyar ba da umarni da karɓar rahoto. Shi kuwa ya fahimci cewa wannan bukata ba za ta biya ba sai an sami kwamfutar da ke amsa wa mutum nan take, saboda haka ya karkatar da kuɗin hukumar zuwa ga jami'o'i da cibiyoyin bincike.

Dabararsa ita ce zaɓen mutane masu basira, a ba su kuɗi da sarari, a bar su su yi aiki. Da tallafinsa aka buɗe shirin MAC a MIT a 1963 da dala miliyan 2, ƙarƙashin Robert Fano, inda tsarin karɓa-karɓa ya bunƙasa har masu amfani da kwamfuta guda suka fara ajiye ayyukansu wuri ɗaya suna aron na juna. Ya tallafa wa masana a Berkeley, da Stanford, da Carnegie. Haka kuma ya tallafa wa Douglas Engelbart na Cibiyar Bincike ta Stanford tun lokacin da mutane da yawa ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Engelbart ɗin nan shi ne ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta, kuma ranar 9 ga Disamba 1968 ya nuna wa taron jama'a a San Francisco yadda mutum biyu da ke garuruwa daban-daban za su yi aiki a kan rubutu ɗaya suna ganin juna a allo.

Da cibiyoyin suka yawaita sai wata matsala ta ɓullo: kowace tana da irin kwamfutarta da harshen umarninta, abin da aka gina a wannan ba ya aiki a waccan. Ranar 23 ga Afrilu 1963 Licklider ya rubuta wa shugabannin cibiyoyin wata takarda, cikin raha ya kira su 'yan ƙungiyar sadarwar kwamfuta ta tsakanin taurari. A ciki ya kawo shawarar a haɗa na'urorin duka, a kuma amince da ƙa'idojin magana guda, yadda mai bincike a wuri ɗaya zai yi amfani da aiki ko bayanan da ke ajiye a wani wuri. Matsalar a wurinsa ta harshe ce, irin wadda kan taso in baƙi masu harsuna daban-daban sun haɗu a kasuwa ɗaya.

7.0 Daga Tunani zuwa Aiki

A 1964 ya bar ARPA ya koma kamfanin IBM, amma ya bar magada masu ra'ayinsa. Ivan Sutherland ya gaje shi, bayansa kuma Robert Taylor. Shi Taylor yana da na'urorin buga saƙo uku a ofishinsa, kowace tana haɗe da wata kwamfuta daban, kowace da nata ƙa'idojin. Wannan wahala ta sa a 1966 ya nemi kuɗin fara haɗa cibiyoyin, aka kuma ɗauko Lawrence Roberts ya jagoranci aikin. Kamfanin BBN, tsohon wurin aikin Licklider, shi ya ƙera na'urorin da suka haɗa layukan. Ranar 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙon farko daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa cibiyar Stanford, inda na'ura ta tsaya bayan haruffa biyu kacal. Kafin ƙarshen shekarar cibiyoyi huɗu sun haɗu. Wannan ita ce ARPANET, wadda daga gare ta intanet ta samo tushe.

Shi kuwa bai daina rubutu ba. A 1965 ya fitar da littafi a kan laburaren gobe, inda ya bayyana cewa shafin takarda yana da kyau wajen karatu, amma littattafai jibge a kan kanta suna da wuyar bincike, don haka ya kwatanta tsarin da mutum zai yi tambaya daga teburinsa a zaƙulo masa amsa daga taskar ilmi. A watan Afrilu na 1968 shi da Taylor suka buga maƙala a kan kwamfuta a matsayin kayan sadarwa. A ganinsu sadarwa ta wuce aikawa da karɓar saƙo. Kowane mutum yana da surar al'amari a zuciyarsa, fahimtar juna kuwa tana samuwa ne in an fito da waɗannan surori fili an gwada su an daidaita, kuma kwamfuta za ta iya zama allon da kowa zai sa hannu a kansa. Sun yi hasashen cewa za a sami al'ummomin da abin da ya haɗa su shi ne sha'awa ɗaya ko sana'a ɗaya, ko da garuruwansu sun yi nisa da juna.

8.0 Halayensa da Ƙarshen Rayuwarsa

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da tawali'u da fara'a da son barkwanci. Yakan saurari ɗalibi kamar yadda zai saurari babban farfesa, kuma bai damu da a jingina masa wani tunani ba in dai aikin zai ci gaba. Sai dai kowane gwani da nasa rauni: an san shi da sakaci wajen aikin ofis, takardu kan taru a teburinsa ba a amsa ba. Wannan ya bayyana sa'ad da ya shugabanci shirin MAC daga 1968, bayan komawarsa MIT.

A 1974 ya sake komawa tsohuwar kujerarsa a ARPA, amma ya tarar zamani ya sauya. Bayan dambarwar yaƙin Biyetnam, majalisar dokokin Amurka ta matsa lamba cewa kuɗin ma'aikatar tsaro ya tafi ga binciken da ke da alaƙa ta kai tsaye da aikin soja. Sararin da ya saba ba masana ya ƙuntata, bai kuwa daɗe ba ya koma MIT a 1975. Ya ci gaba da koyarwa da bincike har ya yi ritaya a 1985. Ya rasu ranar 26 ga Yuni 1990 a garin Arlington na jihar Massachusetts, yana da shekara 75, bayan ciwon asma ya taso masa. A wannan shekara aka rufe ARPANET, domin intanet ta riga ta maye gurbinta. A shekarar da ta biyo baya kuma shafukan yanar gizo da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro suka fito ga jama'a.

9.0 Kammalawa

Tunanin haɗa masu ilmi da juna ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. A ƙarni na 19 malamai sun yi ta musayar wasiƙu da littattafai daga gari zuwa gari, Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata a ƙauyuka. Abin da Licklider ya ƙara shi ne shigar da na'ura cikin irin wannan zumunci, da sharaɗin ta zama abokiyar aiki mai sauƙaƙa wa mutum tunani.

A ƙarshen maƙalarsu ta 1968, shi da Taylor sun yi wani gargaɗi. Sun nuna cewa alherin wannan hanya ko sharrinta ya rataya ne a kan ko shiga cikinta zai zama haƙƙin kowa ko gatan wasu 'yan tsiraru. In gata ya zama, to, sai ta ƙara faɗaɗa ratar da ke tsakanin masu dama da marasa ita. Wannan gargaɗi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Tun da wayar salula ta tsarin GSM ta shigo Nijeriya a 2001 mutane da yawa sun sami hanyar shiga, amma tsadar data da ƙarancin wutar lantarki suna tauye wasu, harshe kuma yana tauye waɗanda suka fi su yawa. Manomi ko 'yar kasuwar da ba ta jin Turanci ba za ta yi zaman cuɗayya da na'urar da ba ta jin Hausa ba.

A nan ne aikin ya faɗo kan sassan nazarin Hausa, har da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na'ura ba ta koyon harshe sai daga abin da masu harshen suka rubuta suka kuma faɗa. Ana bukatar rubutu mai bin daidaitacciyar ƙa'ida, wanda bai yar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba. Ana bukatar ƙamusoshi da kalmomin fannu da aka yi ittifaƙi a kansu. Ana bukatar a naɗi maganar Sakkwatawa da Katsinawa da Kanawa da Damagarawa, kowa da karin harshensa, a adana. Licklider masanin ji da magana ne kafin ya zama masanin kwamfuta, kuma daga sanin mutum ya gano abin da ya kamata na'ura ta zama. Ɗaliban harshe da adabi suna riƙe da irin wannan sani game da Bahaushe, sauran su shigar da shi inda ake ƙera kayan da jama'arsu za su yi amfani da su.